Mai gyaran famfo ne ya zo kashe mana gobara

Daren Talatar makon jiya, wajen ƙarfe biyu da rabi, wata ƙara mai huda kunne ta tashe ni daga barci. Daga hawan da ke ƙasan namu take fitowa. Na'urar jin hayaƙi ce, wata 'yar farar aba kamar murfin kwano da doka ta ce a liƙa a silin ɗin ɗakin kwana a duk jihohin Jamus. Dattijon da ke zaune a wurin ne ya ɗora tukunya, barci ya sace shi. Ina ta laluben silifas a duhu, wata mata daga hawa na uku har ta buga lambar gaggawa ta 112, tana bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya tana bugawa. Na duba agogo da muka fito titi, na sake dubawa da motar farko ta shawo kwana. Minti tara.

Garin da nake ɗan ƙarami ne, ba shi da ɗan kwana-kwana ko ɗaya mai cin albashi. Da wuta ta mutu, wanda ya fara shiga cikin hayaƙin ya cire hular kwano, sai ga mutumin da ya gyara mini famfon kicin watanni uku da suka wuce. Wadda ke naɗe mesa kuwa a kantin magani take aiki, na sha karɓar maganin mura a hannunta. Daga gadajensu suka taso, kamar yadda na taso.

Washegari a wurin aiki ina ba da labari, sai wani abokin aikina Bajamushe ya tambaye ni, ba da wata manufa ba: "To ku a ƙasarku wa ke zuwa?" Na ce masa kowa. Na faɗa da ɗan zafi, har ya yi shiru. Gaskiya na faɗa, ku ma shaida ne. Amma amsar nan ta hana ni sakat, shi ya sa nake wannan rubutu.

A Jamus kusan mutum miliyan ɗaya ne 'yan kwana-kwanan sa-kai. Masu albashi sai a manyan birane ɗari da 'yan kai, sauran ƙasar duk 'yan sa-kai ke riƙe da ita. Kowane yana yawo da wata 'yar na'ura a ƙugu. Da ta yi ƙara zai ajiye abin da yake yi ya ruga, maigidansa a wurin aiki ba shi da ikon hana shi ko yanke masa albashi, ƙaramar hukuma ce ke biyan maigidan kuɗin awannin. Na garinmu suna haɗuwa da yamma sau ɗaya a mako, sanyi ko ruwa, su ja mesa, su hau tsani, su sauko, su sake hawa. Na sha wucewa in gan su ina yi musu dariya a raina, manya da furfura suna fesa wa bangon da ba ya cin wuta ruwa. Yara 'yan shekara goma ma suna da tasu ƙungiyar, da 'yan kayansu daidai jikinsu. Ban da su akwai THW, hukumar agajin fasaha ta tarayya, masu motoci shuɗaye, tun 1950, su ma kusan duk 'yan sa-kai ne, aikinsu zuƙe ruwan ambaliya, kafa gadar wucin gadi, tono wanda gini ya danne. Ko lasisin tuƙi ba za a ba ka ba sai ka yini kana danna ƙirjin mutum-mutumin roba kana koyon agajin farko. Kuma in ka ga mutum cikin haɗari ka wuce alhali kana da halin taimako, laifi ne da zai iya kai ka gidan yari har shekara guda.

Sannan ga Alhamis ta biyu a watan Satumba. Da ƙarfe 11 na safe duk wayoyin ƙasar za su ɗauki kururuwa lokaci ɗaya, har wadda aka kashe wa sauti, jiniyoyi kuma su amsa daga rufin makarantu. Gwaji ne kawai. Ranar da na fara ji, salati na saka a tsakiyar kanti, mutane suna kallona.

Kada a ce na mayar da su mala'iku. Gwajin farko da suka yi a 2020 abin kunya ne, saƙon ya makara kusan rabin awa, garuruwa da yawa kuma ba su da jiniya don an kwance su bayan yaƙin cacar baka. A Yulin 2021 ambaliya ta kashe fiye da mutum 180, sama da 130 daga ciki a kwarin kogin Ahr kaɗai, duk da masana sun yi gargaɗi kwanaki kafin nan. A garin Sinzig mutum 12 suka mutu a gidan kula da masu buƙata ta musamman saboda ba a kwashe su da wuri ba. Su ma sakaci ya ci su. Sai dai shugaban hukumar tarayya mai kula da gargaɗin ya rasa kujerarsa bayan gwajin 2020, kuma kafin ƙarshen 2022 an gwada sabon tsarin wayar nan da na ce. Sun ji kunya, kunyar ta haifi wani abu.

Mu fa? Madatsar Alau ta ɓalle a 1994, ta sake ɓallewa a Satumbar 2024. Shekara talatin cif. Ba sai na ba ku labarin Maiduguri ba, kun fi ni gani, ni a waya na kalla ina kuka ni kaɗai a ɗaki. Na ga samari cikin ruwa iya wuya da tsofaffi a kafaɗa, ba wanda ya biya su, ba wanda ya koya musu. Wallahi ba na jin mai gyaran famfon nan ya fi su zuciya. Abin da ya fi su da shi yammacin nan ne na kowane mako, da sunansa da ke rubuce a takarda, da sanin wa zai riƙe mesa wa zai shiga. NIHSA, hukumar da ke hasashen ambaliya a Najeriya, kan fitar da jerin jihohin da ruwa zai ci duk shekara, hukumar agajin gaggawa ta NEMA na nan tun 1999, amma wace unguwa ce ta taɓa zama ta ce in ruwa ya zo cikin dare ga tudun da za a nufa, ga wanda zai ɗauko makahon gidan can? Kullum ranar tafiya muke fafe gora. Wata guda bayan Alau, tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, jama'a suka ruga wurinta, fiye da 150 suka ƙone. "Kowa" ɗin da na yi wa Bajamushe alfahari da shi, wani lokacin shi ne ke ƙara yawan gawa. In ka yi magana a ce ƙaddara, kamar wanda aka ce ya ɗaure raƙuminsa bai yarda da ƙaddara ba.

Na kira yayana na zazzage masa duk wannan. Ya bari na gama, sannan ya ce, "To shi tsohon, wa ya tafi da shi?" Na ce motar asibiti, Yaya, daga can kuma aka kama masa masauki kafin a gyara gidan. "'Ya'yansa fa?" Na ce ban san ko yana da su ba. "Ku maƙwabta kun je kun yi masa jaje?"

Ba mu je ba. Ban ma san wane masauki ba ne. Shekara huɗu muna hawa matakala ɗaya da mutumin nan, sunansa a jikin akwatin wasiƙa kawai na san shi. Daren da aka fito da shi lulluɓe da bargo, duk muka tsaya nesa cikin ladabi, da aka ce an gama kowa ya koma ya rufe ƙofarsa. Na kwanta ina lissafi: in ni ne, za su zo cikin minti tara, ba na shakka. Za su fitar da ni da rai. Amma kwana nawa za a yi kafin labari ya isa kunnen Umma, kuma wa zai kai shi?

Har yanzu ina kan bakana, tsarinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma na karɓo takardar shiga 'yan sa-kan, tana kan tebur ban cike ba tukuna. Akwai gurbin da ake rubuta wanda za a kira in wani abu ya same ka. Sun fi son lambar cikin ƙasa.