Darasin zama ɗan ƙasa ba kamfen ba ne

Yana damuna yadda iyaye da yawa ke ɗaukar darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa a matsayin cusa wa yara siyasa. Hujjarsu ita ce yaro bai kai shekara 18 ba, ba shi da katin zaɓe, to me ya haɗa shi da harkar gwamnati? Tsoron nasu yana da tushe, domin mun sha ganin 'yan siyasa na mayar da matasa 'yan jagaliya.

Amma abin da ake koyarwa daban ne. Ana nuna wa ɗalibi aikin kansila, da na shugaban ƙaramar hukuma, da inda ake kai koke. A ce kwatar ƙofar makaranta ta toshe, da damina ruwa na malalowa cikin aji. Sai ɗalibai su ɗauki hoto, su rubuta wa kansilan mazaɓarsu takarda da sa hannun malaminsu, su sa a Facebook cikin ladabi. Babu jam'iyya a cikin wannan.

Kuma tun 2018 aka rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai a Najeriya daga 30 zuwa 25. Ɗan ajin ƙarshe na sakandare saura shi 'yan shekaru ya cancanci tsayawa.