Saki a Agege, gida a Landan

Makon jiya 'yar maƙwabtanmu a Agege ta dawo gaban iyayenta da akwati biyu da yara uku. A Kano aka ɗaura auren, suka tare a Ingila, da suka zo hutu mijin ya danƙara mata saki ya koma abinsa. Wata lauya 'yar Legas da ta shigo jaje ta dube mu ta ce, wai mu Hausawa haka muke sallamar mace da tabarma kawai? Maganar nan ta ƙona mini rai.

A Ingila alƙali tattara komai yake yi, gida, kuɗin banki, har fansho, ya faro daga raba daidai, sannan ya duba wa ke riƙe da yara. Ba ruwansa da sunan wa ke kan takardar gida. Auren Musulunci da aka ɗaura a Nijeriya suna karɓarsa, amma wanda aka ɗaura a Landan ba a yi masa rajista ba, kotun ɗaukaka ƙararsu ta ce a 2020 ba aure ba ne a dokarsu. Sakin baki kuma ba sa ɗaukarsa in ɗayan ma'auratan ya shekara yana zaune can kafin a yi shi, wato a wurinsu yarinyar nan har yau matarsa ce. A 2010 ma Kotun Ƙolinsu ta tabbatar wa wata 'yar Nijeriya kasonta a gidan Landan, bayan kotun Legas ta riga ta raba auren.

Na yarda, hakan ya share wa mata da yawa hawaye. Amma wa ya ce namu tabarma ce kawai? Sadakinta nata ne, zinarenta, kayan ɗakinta, ribar sana'arta, miji ba ya taɓa ko sisi. A can in ita ce mai hali, har da nata za a raba. Ga ciyarwar idda, ga mut'a, wato kyautar sallama da miji ke ba matar da ya saka, ga ɗawainiyar yara a wuyan uba.

Sai dai a Legas wa zai sa a yi? Gwamnatin jihar ba ta da kotun shari'ar Musulunci. Sai a kai kuka wurin liman ko Sarkin Hausawa, su buga wa mutum waya, ya ƙi ɗauka, magana ta mutu. Da a Kano ne, kawunsa kaɗai ya ishe shi, balle a kai ga sammacin alƙali. Ni dai tawa 'yar, ko daga ina mai nema ya fito, sai mahaifinta ya je ya zauna a zauren gidansu ya ga manyansa tukuna.