Wa ke da alhakin cewa mota ta tsaya a mararrabar unguwarmu?

A yawancin unguwanninmu, ba a tunawa da mararraba sai ranar da aka kwashi wani. Mota ta buge yaro yana dawowa daga Islamiyya, a yi masa sutura, washegari matasa su fito da shebur da baro. Kafin la'asar an tayar da tudu a tsakiyar titi, wani da ƙasa, wani da kankare, wani da tsofaffin tayoyi. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan, zafin rashi ne ya fito da su. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne babu wanda ya auna komai, kuma babu wanda zai dawo ya duba ko tudun ya rage hatsari ko ƙara shi ya yi. Tudu ba fenti ba alama, mai babur da bai san hanyar ba ya taho da dare sai dai a ji ƙararsa. Mace mai naƙuda a cikin adaidaita sahu kuwa, ita ta san azabar da take sha kafin a isa asibiti.

Ku tsaya a bakin wata mararraba ta cikin gari da yamma, lokacin da ake tashin yara, ku zuba ido. Mai adaidaita sahu ya fito daga lungu, shagon kwantena ya tare masa gani ta dama, rumfar mai shayi ta tare ta hagu. Dole sai ya turo hancinsa tsakiyar titi kafin ya ga abin da ke tahowa. Wanda ke kan babban titi kuma ya ɗauka hanyarsa ce. Kowa yana ganin shi ke da gaskiya, domin babu abin da ya faɗa wa ɗayansu cewa kai ne za ka tsaya. Wanda ya fi ƙarfin hon da taurin kai shi ke wucewa.

A Amurka, inda aka fara kafa allon tsayawa, wato alamar nan mai rubutun STOP, a birnin Detroit a 1915, ba da ka ake yanke wannan hukunci ba. Suna da kundin ƙa'idojin alamomin hanya da ake kira MUTCD, wanda ya fara fitowa a 1935. Idan mutanen unguwa suka kai koke, hukumar garin kan tura injiniya ya ƙirga motoci da masu tafiya a ƙasa, ya auna nisan da direba ke iya hangowa, ya duba rahoton hatsari. A bugun 2009, daga cikin abin da ake dubawa kafin a ce kowane ɓangare na mararraba ya tsaya akwai hatsari biyar ko fiye cikin wata 12, ko kuma motoci 300 a kowace awa a kan babban titin, na tsawon awa 8 a rana. Kundin ya kuma ce kada a kafa allon don kawai a rage gudu. Dalilin a fili yake: idan direba ya saba tsayawa inda ba ya ganin kowa, zai daina ɗaukar allon da muhimmanci, har ya keta shi a wurin da ake matuƙar buƙatarsa. Don haka sau da yawa amsar da ake ba masu koke ita ce a'a, amma a sare reshen da ya rufe gani, ko a hana ajiye mota dab da kwana.

Ba cewa nake mu kwaso lissafinsu mu ɗora a Kano ko Zariya ba. Mu namu titin babura da adaidaita sahu da masu tura ruwa ne suka cika shi, kuma jiran hatsari biyar kafin a motsa abu ne da zuciyata ba ta yarda da shi ba. Abin koyi shi ne akwai ofishin da aka sani, akwai ma'auni, akwai amsa a rubuce.

Kuma dokarmu ba ta bar wannan aikin ba mai shi ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ginawa da kula da tituna da fitilunsu da magudanan ruwa cikin ayyukan ƙananan hukumomi, har da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Muna da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai tana da 44. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. To me zai hana sashen ayyuka na kowace ƙaramar hukuma ya buɗe littafi na mararrabar da ke cikin yankinsa? Jami'an kiyaye haɗurra na tarayya da 'yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kano, ƙarfinsu yana kan manyan tituna, ba za su shiga kowane lungu ba.

Na san za a ce mutanenmu ba sa bin alama, ko kuma 'yan jari-bola za su cire allon kafin a kwana biyu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma direbobin nan su ne ke tsayawa cak a danja idan sun san ana kallo, kuma allon da aka kafa da sanin mai unguwa, da limami, da shugaban 'yan adaidaita sahu na tashar, yana da masu gadinsa. Ana iya ja farin layi a kan kwalta, wanda ba ya ɗaukuwa.

Ku rubuta wa kansilanku takarda, ku ambaci mararrabar da sunanta, da lokacin da ta fi cunkoso, da abin da ke tare gani. Mai unguwa ya sa hannu, shugaban makarantar da ke kusa ya sa, a kai sakatariya, a karɓo shaidar cewa an karɓa.