Tuffar bayan kwamfuta ba ta kiɗa

Tun jiya abin nan yake ci mini rai, na yi niyyar shiru na kasa. Kun dai san zancen, wasunku ma kuna wurin kuna dariya, na ji labari. Yaro ya yi wata uku yana haɗa kiɗa a ɗakin uwarsa, ya ɗauki kwamfutarsa ta hannu ƙirar HP, wadda sai an tokare murfinta da littafi take tsayuwa, ya kai situdiyo a ji aikinsa. Mai situdiyon, ba zan kama suna ba don ba talla na zo yi masa ba, ko kunna waƙar bai yi ba. Ya leƙa bayan kwamfutar, ya ga babu hoton tuffa, tambarin kamfanin Apple mai yin kwamfutar MacBook, sai ya ce wai, ƙanena je ka sayo kwamfuta tukuna sannan mu yi maganar waƙa. Yaron ɗan yayata ne. Ya dawo gida ko tuwo bai taɓa ba.

To ranka ya daɗe, sarkin MacBook, Allah ya ja zamaninka. Tunda a bangon situdiyon naka na ga ka liƙa hoton Miles Davis, shahararren mai busa na kiɗan jaz na Amurka, don baƙi su san kai ɗan gari ne, zo mu yi maganar jaz ɗin da kake ado da shi.

A watan Afrilun 1923 ƙungiyar King Oliver ta taso daga Chicago zuwa wani ƙaramin gari, Richmond a jihar Indiana ta Amurka, don kamfanin Gennett ya ɗauki kiɗanta. A cikinsu akwai wani saurayi ɗan shekara 21, Louis Armstrong, wannan ne karonsa na farko a faifai. Situdiyon wani dogon ɗaki ne na katako a gefen layin dogo. Jirgin ƙasa ya taho, a dakata, ya wuce, a sake daga farko. Babu makirufo. Wani ƙaton mazurari ne ake busa a bakinsa, ƙarar ta girgiza allura, allurar ta yi zane a kan kakin zuma. Ɗakin kuma dole a bar shi da zafi don kada kakin ya daskare, makaɗa na busa gumi na zuba. Mai ganga ba a barinsa ya daki babbar ganga, don allura za ta yi tsalle ta ɓata aikin, sai dai ya riƙa ƙwanƙwasa katako. Armstrong kuwa ƙarfin busarsa ya sa aka tura shi can baya, nesa da sauran. Yau shekara ɗari da ɗoriya ana koyar da waɗannan faya-fayen a makarantun kiɗa. Wace tuffa ce a jikin mazurarin nan? Kunne ne ya yi aikin, malam. Kunne.

Bari in matso kusa da hoton da ke bangonka. Rudy Van Gelder, wanda ya ɗauki yawancin manyan faya-fayen kamfanonin Blue Note da Prestige, sana'arsa ta rana gwada idon mutane ce ya ba su tabarau. Da yamma ko ranar hutu sai ya koma falon iyayensa a Hackensack ta jihar New Jersey, ya jera makirufo tsakanin fitila da labule. A wannan falon Miles Davis ya busa, Thelonious Monk ya danna fiyano, Sonny Rollins da John Coltrane suka yi abin da ya sa har gobe ake ambatonsu. Sai 1959 ya gina situdiyo na kansa ya bar aikin ido. Falon iyaye fa. Ɗakin uwa ke nan da Hausa, irin wanda ka yi wa dariya jiya. Da kai ne a bakin ƙofar, da ka ce wa Coltrane ya je ya nemo wurin arziki tukuna.

Charlie Parker, gwanin busa saksafon, fa? Ran 15 ga Mayu 1953, a zauren Massey Hall na Toronto a Kanada, shi da Dizzy Gillespie da Bud Powell da Charles Mingus da Max Roach. Da saksafon na roba ya hau dandali, fari fat, ƙirar Grafton, abin da wani mai ji da kai ba zai yarda a ɗauke shi hoto da shi ba. Zauren ma bai cika ba, don a daren ake damben Rocky Marciano da Jersey Joe Walcott. Faifan da ya fito daga wannan dare yana cikin waɗanda masana jaz ba sa gajiya da ji. Abin takaicin ba robar ba ce. Da faifan ya fito ba a iya rubuta sunan Parker a kai ba, sai aka sa Charlie Chan, saboda ya riga ya sa hannu da wani kamfani. Mutum ya busa da huhunsa, takarda ta hana shi sunansa. Wannan shi ne abin da ya kamata mai situdiyo ya zaunar da yaro ya gaya masa, ba zancen murfin kwamfuta ba.

Na san abin da za ku ce, an riga an fara turo mini. Wai ai kayan aiki na da muhimmanci. Wa ya ce ba su da shi? Faifan garmaho na da, mai juyi 78, minti uku da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe, don haka makaɗin da ke iya busa na minti goma a gidan rawa dole ya dunƙule maganarsa. Shigowar makirufo harkar ɗaukar faifai a 1925 ta canza komai. Dogon faifan da Columbia ta fitar a 1948 ya ba mutum sama da minti ashirin a gefe guda, jaz ya samu wurin miƙe ƙafa. Wannan shi ne sauyi. Amma tsakanin HP da MacBook me ya sauya? Sautin da ka ɗauka da makirufo ɗaya a ɗaki ɗaya, in ka zuba shi a wannan ko a waccan, lambobi ne iri ɗaya. Rufe idonka a kunna maka, in ka bambance na ba ka tawa kwamfutar kyauta. Wai Mac ba ta tsayawa. Sannu. Kai dai ba a ɗauke maka wuta ana tsakiyar aiki ba ne.

Kuma abin da ya fi ba ni haushi, faɗan nan ba namu ba ne, na masu kamfani ne, mu muka ɗora a ka kamar gammo. An taɓa yin irinsa sak. Columbia ta fito da dogon faifanta, RCA Victor ta ƙi bi, ta fito da nata ƙarami mai juyi 45 a 1949. Masu saye suka rasa na kamawa, na'urar wannan ba ta cin faifan wancan. Ba a yi shekara uku ba RCA ta fara buga dogon faifai, Columbia ta fara buga ƙaramin, aka ƙera na'ura mai cin duka. Waɗanda suka yi ta musu a kai suka tashi a tutar babu. Haka Apple da Microsoft, mai manhajar Windows da kwamfutoci irin HP ke aiki da ita. Ana can ana zagin juna a madadinsu, a 1997 Apple na dab da durƙushewa, Microsoft ta zuba mata dala miliyan 150. Steve Jobs na Apple ya sanar a taron Boston, fuskar Bill Gates na Microsoft ta bayyana a ƙaton allo, masoya tuffa suka yi ta ihun ƙin yarda, masu kuɗin kuwa sun riga sun gama cinikinsu. Daga 2006 har wajen 2020 ƙwaƙwalwar kamfanin Intel ce a cikin Mac, dangin wadda ke cikin HP ɗin yaron nan. Manhajar haɗa kiɗa ta Logic da kake tinƙaho da ita, wai sai a Mac, da tana aiki a Windows lafiya lau. Apple ce ta sayi kamfanin Jamus da ke yin ta, Emagic, a 2002, ta rufe ɓangaren Windows. Ba hikimar kiɗa ba ce, dabarar kasuwa ce, a kulle ka a gida ɗaya ka yi ta biya.

Makaɗan Amurka da suka tashi faɗa da kamfanoni, a kan abin kirki suka yi. Daga Agustan 1942 ƙungiyarsu ta hana mambobinta shiga situdiyo, don rediyo da akwatunan kiɗa na mashaya suna cin kuɗi da faya-fayensu su ba sa ganin ko kwabo. Sai ƙarshen 1944 Victor da Columbia suka saduda. An yi asara, don farkon sabon salon jaz da ake kira bibop ya faɗo a wannan tsakanin, da yawansa ba a ɗauka ba. Amma sun san me suke nema. Mu kuwa mawaƙi zai sayar da waƙarsa kacokan a kuɗin cefanen mako biyu, a ɗora ta a YouTube da sunan wani, bai ce uffan ba, amma taɓa masa MacBook ka ga jijiyar wuya.

Maganar gaskiya, ba don yaron ɗana ba ne. Na ji kiɗan. Akwai gyara, ganga ta danne murya, ƙarshen kuma ya yi tsawo. Da ka saurara minti biyu ka faɗa masa haka, da ka yi masa alherin da ba zai manta ba, ni ma da na zo na yi maka godiya. Shata ya rasu a 1999 bai taɓa ganin MacBook ba, kalangu ne da murya. Kai kana da tuffa, kana da kujera mai juyawa, kunnen ne ka bari a gida.

Af, tunda zancen garmaho ya shigo. Na marigayi Baba yana nan a ƙauye cikin akwatinsa, hannun wanawa lafiya, sai dai allura babu, faya-fayen kuma guda biyu sun tsage tun lokacin da rufin ɗakin ya yi yoyo. Na zaga Kurmi da Sabon Gari, kowa sai ya kalle ni kamar na tambayi ƙahon doki. Duk wanda ya san mai sayar da allurar garmaho, ko a Zinder ne ko Maraɗi, don Allah ya yi mini magana, zan biya kuɗin mota.