Ranar da Hulata Ta Shiga Tafkin Monet

Ƙanena da ke karatu a Faris ne ya nace sai mun je Giverny, wani ƙauye a yankin Normandi, mu ga lambun mai zanen nan Claude Monet. Tun a jirgin ƙasa daga tashar Saint-Lazare zuwa Vernon yake cika mini kunne. Wai a 1893 mutumin ya sayi filin, ya karkato ruwan wani rafi da ya ɓalle daga kogin Epte, ya haƙa tafki, manoman garin suka tada jijiyar wuya kada baƙin tsirransa su lalata ruwan da dabbobinsu ke sha. A kan tafkin nan kaɗai ya yi zane wajen 250.

Na ci ado, shadda da hula zanna bukar sabuwa dal. Muka biya kuɗin shiga, muka bi ta ƙarƙashin titi, muka ɓulla bakin ruwa. Na duba, na ƙara dubawa. Bado ne! Badon da muke shiga kududdufi mu ciro muna yara, mu sha bulala a gida saboda jiƙa wando.

"Yaya, ba ganyen ake kallo ba, yadda haske ke sauyawa a kan ruwan ake kallo," in ji shi.

To, bari in ga hasken. Na kutsa kan koriyar gadar nan mai fasalin ta Japan, wadda ta cika maƙil da 'yan yawon buɗe ido. Ina sunkuyawa, wata baiwar Allah ta juyo da sandar ɗaukar hoto, ta tsige mini hula. Hular ta yi juyi biyu a iska, ta sauka daram a kan ganyen bado, ko jiƙewa ba ta yi ba.

Nan fa kallo ya koma sama. Jama'a suka manta da Monet, kowa ya saita waya a kan hulata. Wani dattijo ya yi dogon bayani da Faransanci yana gyaɗa kai, ƙanena ya fassara mini cewa jan zaren hular ya dace da koren ganyen. Ni kuwa ina tsaye, sanƙona na sheƙi. Har wani ma'aikaci ya zo da koma mai dogon sanda, yaron nan bai daina karatu ba: Monet na da mai lambu da ke shiga kwalekwale da safe don kawai ya wanke ƙurar ganyen.

Da dare na kira Hajiya na nuna mata hotunan. Ta daɗe tana kallo.

"Kai, bado ka je gani har Faransa? Nawa kuka biya?"

Na faɗa mata, da canjinsa a naira. Ta yi salati.

"Gobe ka turo mini rabin kuɗin, in sa yara su ciro maka buhu guda."