Ba kowane malamin nutso da aka dakatar ba ne mai laifi

A nan Jidda, da an ji an dakatar da malamin nutso, sai 'yan uwa su ce ai wasa ya yi da ran ɗalibi. Wani lokaci haka ne kuwa. Amma masu ba malaman nutso shaidar koyarwa, waɗanda su ne ke dakatar da su, irin su PADI da aka kafa a Amurka a 1966, kamfanoni ne, ba gwamnati ba. Malamai da shagunan nutso na biyansu kuɗin rajista, kuma ƙa'idar PADI ta hana ɓata sunan abokin sana'a. Nan gizo ke saƙar, abin kuma na ci mini tuwo a ƙwarya: malamin da ya fito fili ya ce wani shago na tura ɗalibai Bahar Maliya da tukunyar iska mai yoyo, ana iya dakatar da shi da wannan ƙa'idar ko da gaskiya ya faɗa.