Ƙannena, kada ku dawo da sa hannu kawai

Ƙannena maza da mata da ke shirin fita horon sanin makamar aiki, akwai maganar da ta daɗe tana damuna a kanku, kuma yau zan faɗe ta ko da za ta yi ɗaci. Ɗalibai da yawa sun mayar da watannin nan hutu. Wani tun kafin a rufe makaranta ya riga ya samo wanda zai buga masa hatimi a littafin rahoto, shi kuwa ya koma gida ya miƙe ƙafa. Ranar dawowa sai ka ga littafi cike da rubutu, kowane mako da sa hannun mai kula, amma ka ce ya ba ka labarin aiki ɗaya da ya kama da hannunsa tun daga farko har ya kammala, sai ya shiga kame-kame. Wannan ha'inci ne ko da kowa na yi, kuma ba malamin da zai ba da maki aka cuta ba. Shi ya riga ya iya aikinsa.

Ba don a wahalar da ku aka ƙirƙiro tsarin nan ba. A 1906 wani malamin injiniyanci mai suna Herman Schneider ya fara haɗa karatun jami'a da aikin masana'anta a Jami'ar Cincinnati ta Amurka, da ɗalibai 27, saboda ya lura cewa injiniyoyin da suka fi ƙwarewa su ne waɗanda suka taɓa aiki kafin su gama karatu. A Jamus mai koyon sana'a yakan yi kwana uku ko huɗu na mako a kamfani, saura a makaranta, har tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, kuma ba ya zama jarrabawar ƙarshe sai ya gabatar da littafin da yake rubuta abin da ya koya. A Nijeriya ma hukumar ITF mai kula da horon ma'aikatan masana'antu ta kafa shirin SIWES, na tura ɗalibai horo a wuraren aiki, a 1973 ne saboda masu ɗaukar ma'aikata na kukan ana yaye ɗaliban da suka haddace darasi amma hannunsu bai saba da kayan aiki ba. Ko'ina ka duba damuwar ɗaya ce: akwai ilimin da ba ya shiga kai sai mutum ya tsaya a wurin da ake yinsa.

Ga abin da nake so ya zauna muku. Wannan ne kaɗai lokaci a rayuwar aikinku da za ku buɗe baki ku ce "ban sani ba, a nuna mini", kuma mai sauraro ya ji daɗi. Ranar da aka ɗauke ka aiki aka fara biyanka albashi, saninka ake biya, kowace tambaya sai ka auna ta kafin ka furta. Yanzu kuwa kowa ya san ɗalibi ne kai, ba wanda yake sa ran ka iya. An buɗe maka ƙofa ka ga yadda ƙwararru ke tunani, yadda suke gyara kuskure, yadda suke magana da abokin hulɗar da ya fusata, kuma nan da 'yan watanni za a rufe ta. Wanda ya cinye lokacin yana latsa waya a lungun ofis ya yi asarar da ba a mayarwa.

Shiri yana farawa ne daga zaɓen wuri, kuma a nan mutane da yawa ke zamewa. Sunan kamfani yana ruɗar su. Babbar ma'aikata mai dogon bene tana da daɗin faɗa wa abokai, amma idan ɗalibai talatin aka tara a ɗaki ɗaya babu mai waiwayarsu, ƙaramin wurin da za a damƙa maka aiki ya fi ta sau goma. Ku nemi waɗanda suka riga ku zuwa wurin ku tambaye su abu ɗaya: me aka bari kuka taɓa da hannunku? Amsarsu ta fi duk abin da kamfanin ya rubuta a shafinsa na intanet. Ku fara nema da wuri, CV ɗinku, wato taƙaitaccen bayanin karatunku da ƙwarewarku, kada ya wuce shafi ɗaya, adireshin imel ya kasance sunanku ne na gaskiya, ba laƙabin wasa ba.

Idan an karɓe ku, ku nemi a fayyace sharuɗɗa tun ranar farko: ƙarfe nawa ake shiga da tashi, wane ne zai kula da ku, akwai alawus ko babu. Ba rashin kunya ba ne. A Faransa doka ce ta wajabta yarjejeniya a rubuce tsakanin ɗalibi da makaranta da wurin aiki, kuma idan horon ya wuce wata biyu dole a biya ɗalibin. Ba kowace ƙasa ke da irin wannan doka ba, shi ya sa bakinka ne zai nema maka bayani. Kafin ranar farawa kuma ka koma kan darussan da suka shafi aikin wurin, ka koyi sarrafa Excel, manhajar lissafi da jera bayanai a kwamfuta, ko da abubuwan farko ne, domin da wuya ka shiga ofishin da ba a buƙatarsa.

Maganar zuwa a kan lokaci da shiga ta kamala ba sai na tsaya a kai ba, kun sani. Abin da zan ja hankalinku a kai shi ne mutane. Ɗalibi yakan shiga wuri idonsa na kan manaja kawai, ya wuce sakatariya da makaniki da mai kula da sito ko gaisuwar kirki babu, wai shi ɗan jami'a. Alhali makanikin nan da ya shekara ashirin a kan injin, daga ƙararsa kaɗai ya san abin da ke damunsa, kuma shi ke da lokacin tsayawa ya nuna maka. Manaja yana cikin taro. Ka riƙe sunayensu, ka gaishe su da girmamawa, ka ce "don Allah ranar da za ku buɗe injin nan a kira ni in gani". Ba ƙaramin abu wannan kalma ke buɗewa ba.

Sai ƙaramin littafi da biro, kullum a aljihu. Tun 1885 masanin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan an koyi abu. Saboda haka wanda ya ce sai ƙarshen wata zai cika littafin rahotonsa, ƙirƙira zai yi, ba tunowa ba. Kafin ka tashi kowace rana ka ba shi minti goma: me na yi yau, me na gani ban gane ba, wa zan tambaya gobe. Kuma akwai bambanci tsakanin rubuta "na yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje" da rubuta sunan gwajin, da na'urar da aka yi amfani da ita, da sakamakon da ya fito ba daidai ba, da dalilin da aka gano daga baya. Na biyun nan shi za ka buɗe bayan shekara biyu, daren da za a yi maka tambayoyin ɗaukar aiki.

Tambaya ma tana da ladabinta. A ce mai kula da ke ya miƙo miki tarin takardu ya ce, "Shigar da waɗannan cikin kwamfuta." Kada ki ce "to" ki juya. Tsaya ki tambaya: yaushe ake buƙata, wa zai yi amfani da su, akwai wanda aka taɓa yi in duba tsarinsa? Ki shigar da goma na farko, ki koma ki nuna masa. Idan akwai gyara, a goma za a yi shi, ba a ɗari biyar ba. Sauran ƙananan tambayoyi ki tara su a littafi ki kai su gaba ɗaya lokacin da kika ga ya sarara. Abin da ke gajiyar da masu koyarwa shi ne su amsa abu ɗaya sau huɗu saboda ba a rubuta ba.

Na san kukan da za ku yi, domin shi aka fi ji: "Ai ba sa ba mu aiki." Sau da yawa gaskiya ne. Ma'aikaci yana da nasa nauyin, koyar da kai ƙarin aiki ne gare shi, kuma bai san ko za ka ɓata masa ba. Amma zama jiran a kira ka ba ya kawo komai. Duba abin da kowa ke ƙyuyar yi: fayilolin da suka cakuɗe, jerin kayan sito da ba a sabunta ba, rahoton da kullum ake makara da shi. Je ka ce, "Ranka ya daɗe, na ga abu kaza, in an yarda zan gwada gyara shi." Ka yi shi tsaf. Amana da kaɗan-kaɗan ake ba da ita, wanda ya riƙe ƙaramin aiki shi ake kira ranar babba.

Wannan ba ya nufin ku zama 'yan aike. Fotokwafi da kai saƙo wani lokaci ba laifi, kowa ya yi. Idan kuwa makonni suka wuce ba abin da kuke yi sai hidimar gidan wani, ku yi wa mai kula magana cikin ladabi, in bai canja ba ku sanar da malamin da makaranta ta ɗora a kanku. Haka nan kada kunya ta sa ka taɓa injin da ba a koya maka ba, ko ka shiga wurin aiki babu hular kwano da safar hannu don ka ga wasu na yi. Ke kuma ƙanwata, duk wanda ya fara haɗa sa hannunsa a littafinki da wata buƙata tasa, ko ya riƙa kiranki ofis bayan an tashi, kada ki ɓoye. Adana saƙonninsa, ki faɗa wa makaranta da wani babba da kika yarda da shi. Laifin nasa ne, kuma ana iya sauya miki wuri.

Akwai wata amana da wayoyin nan suka sa ake wasa da ita. Ɗalibi ya ɗauki hoton kansa a ofis ya ɗora a WhatsApp ko Instagram, a bayansa ga fayil ɗin majinyaci a buɗe, ko allon kwamfuta ɗauke da sunaye da lambobin asusun mutane. Shi bai ma lura ba, amma ya tona asirin wanda bai san shi ba. Abin da ka gani a wurin aiki a can yake tsayawa. Idan kuma ka yi kuskure, ka goge fayil ko ka rubuta lamba ba daidai ba, ka faɗa a cikin sa'ar, tare da bayanin abin da ya faru. Kuskuren da aka ji da wuri gyara ake yi. Wanda aka ɓoye har ya fito da kansa, shi ke zubar da mutunci.

Idan ya rage mako biyu ku gama, ka nemi mai kula da kai ya ba ka minti goma sha biyar. Tambaye shi kai tsaye a ina ka gaza, ka saurara ba tare da kare kai ba, ka rubuta. A zaman nan ne za ka roƙi takardar shaida, tun yana tuna ayyukan da ka yi, ka kuma tambaya ko ya yarda ka ba da sunansa idan kana neman aiki. Duk abin da ke hannunka ka miƙa shi a rubuce, yadda wanda zai gaje ka ba zai sha wahala ba. Bayan ka tafi kuma kada zumuncin ya yanke. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna tun 1973 cewa labarin gurbin aiki ya fi zuwa wa mutum ta hannun waɗanda ya sani sama-sama, ba aminansa na kusa ba, domin aminanka abin da ka sani shi suka sani. Mutanen ofishin nan su ne irin waɗannan. Duk bayan 'yan watanni ka aika musu gajeren saƙo na gaisuwa, ka faɗa musu inda ka kai a karatu da irin aikin da kake nema, kuma ka sa makanikin da sakatariyar a cikin jerin.